Ɗigon Jini Ɗaya Ba Ya Faɗin Dukkan Ciwo

A fadojin unguwar Talladjé ta Yamai da wayoyin mutane, magana ɗaya ke yawo: wai yanzu da ɗigon jini ɗaya na'ura za ta lissafo maka duk ciwon da ke jikinka, har da sankara. Masu tallan magani sun samu abin riƙo. Su buɗe kwamfuta, su ba ka ƙarfe ka damƙe, su fiddo takarda cike da cututtuka, sannan su nuna maka kwalaben sayarwa.

Binciken da suke fakewa da shi gaskiya ne. Ƙwayoyin halittar jiki suna sakin wasu 'yan ƙunshi cikin jini, faɗinsu nanomita 30 zuwa 150. A 1983 aka fara gano su, a 1987 kuma Rose Johnstone ta jami'ar McGill a Kanada ta raɗa musu suna eksozom. Masana na auna amino asid da ke cikinsu, wato tubalai 20 da ake gina furotin da su.

Kamar kwanon tuwon da maƙwabta ke aiko wa juna ne: daga miyar za ka gane halin gidan da ya fito. Ƙunshin da ƙwayar sankara ta aiko na iya bambanta da na lafiyayya. Amma jini cike yake da amino asid na abincin da ka ci, sai an ware ƙunshin tukuna, da injin da ke juyawa da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa kusan sau 100,000. Bayan haka sai an gwada a jikin mutane masu yawa. Aikin yana ɗakin bincike har yanzu.

A Amurka, Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos ta yi irin wannan alƙawari na gano cututtuka da ɗigon jini, a 2022 aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11.

Awon da ke ceton rai yana kusa da mu: na zazzaɓin cizon sauro da na sukari a likita, na amosanin jini kafin aure a cibiyar ƙasa da ke Yamai. Kuɗin da mai na'ura ya karɓe zai iya biyan ɗayansu. Ya kamata jami'an ma'aikatar lafiya su shigo unguwa su tambayi masu na'urorin nan takardar izini, tun kafin wata mai ƙululu a mama ta ɓata watanni tana shan kwalba.