Yadda Amurkawa ke kyafa nama a gida

A jihar Texas ta Amurka, magidanta da dama na ajiye murhun kyafa nama a bayan gida, inda hayaƙi da zafi kaɗan-kaɗan ke dafa naman, ba harshen wuta ba.

Murhun dai ganga ce ta ƙarfe mai akwatin wuta a gefe, kuma mai kauri ya fi riƙe zafi.

Akan tsayar da zafin a kusan digiri 110 na ma'aunin Salshiyos, abin da ya sa ƙirjin sa kan kwashe awa 12 ko fiye.

Sai dai itacen da aka yi wa fenti na da haɗari. Ma'aikatar Noma ta Amurka kuma ta ce kada a ci kaza sai zafin cikinta ya kai digiri 74.

Saɓanin banda, wannan nama ba ya ajiyuwa sai a firji.