Katin Aro Ɗaya, Laburare da Yawa: Faɗakarwa kan Ƙa'idar Musayar Bayanai

Aron littafi a laburare ya tsaya ne a kan tambayoyi huɗu: wane ne mai aro, wane littafi ya ɗauka, yaushe zai mayar, kuma ana bin sa tara ko ba a bin sa. A da, katin da ke cikin aljihun bangon littafi da kundin rajista ne ke amsa su. Yanzu manhajar kwamfuta ce. Ƙa'idar musayar bayanai ita ce rubutacciyar yarjejeniyar da ta fayyace yadda manhajar wannan laburare za ta yi wa ta wancan waɗannan tambayoyi, ta kuma gane amsar da aka ba ta.

Buƙatar hakan a fili take a Dutse. Tun da garin ya zama babban birnin Jigawa a 1991 makarantu ke ƙaruwa a cikinsa da kewayensa: Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, makarantar jinya a Birnin Kudu, da ta kiwon lafiya a Jahun, ga kuma Hukumar Laburare ta Jiha. Kowacce da nata littattafai. Sai dai abin da aka saba a Najeriya shi ne katin aro yana aiki ne a inda aka bayar da shi kawai. Ɗalibin da ke zaune a Yalwawa, idan littafin da yake nema yana wata makarantar, sai ya nemi takardar gabatarwa, ya biya ɗan acaɓa ko kuɗin mota, ya je bai ma san ko littafin na kan kanta ba. In ya yi sa'a ya same shi, a nan zai karanta ya bar shi.

Ƙa'idojin da ke warware wannan sun daɗe da samuwa. MARC, wadda Henriette Avram ta jagoranci tsarawa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, ta ba kowane bayani na littafi lambar gurbinsa: 100 sunan marubuci, 245 sunan littafi, 020 lambar ISBN. A 1999 aka haɗe tsarin Amurka da na Kanada ya zama MARC 21. Z39.50, wadda ta fara fitowa a 1988, ita ke ba kwamfuta damar bincika katalog na wani laburare daga nesa. A fannin aro kuwa akwai SIP, wadda kamfanin 3M ya fitar a 1993 don na'urorin da mai karatu ke aron littafi da kansa, sai bugunta na biyu, SIP2, da ya fi yaɗuwa. Daga baya hukumar daidaita ma'aunin bayanai ta Amurka, NISO, ta fitar da NCIP a 2002, ta sabunta ta a 2008, musamman don aro tsakanin laburare da laburare.

Maganar da ta yi katutu, wadda ake maimaitawa a duk taron da aka tayar da batun, ita ce: “Ai sai gwamnati ta sayo wa kowa manhaja iri ɗaya, shi ke nan matsala ta ƙare.” Wannan magana ta ci kuɗi da shekaru, kuma har yanzu ana samun masu yarda da ita.

Da farko, an riga an gwada. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa jami'o'in tarayya manhaja ɗaya mai suna TINLIB, a ƙarƙashin wani shirin rancen Bankin Duniya. Kowa ya samu iri ɗaya, amma hakan bai sa ɗalibin wata jami'a ya iya aro a wata ba. Manhajar a kan tsohon tsarin DOS take aiki, kulawa da ita kuma na buƙatar kuɗin waje. Da zamani ya juya, kowa ya kama gabansa: wasu suka koma GLAS, wasu Alice, wasu Virtua, daga bisani da yawa suka rungumi Koha. Darasin da ke ciki shi ne manhaja tana tsufa, kamfani yana iya rufewa ko a saye shi, bayanan littattafai ne dukiyar da ya kamata ta wanzu.

Na biyu, ko manhajar ɗaya ce, ba lallai su fahimci juna ba. A ɗauki laburare biyu, duka suna kan Koha. Na farko ya fara liƙa wa littattafansa lambar bakod daga 000001, na biyun ma haka. Ranar da aka ce su haɗa aro, lamba ɗaya tana nufin littafin lissafi a can, a nan kuma tana nufin ƙamus. Wannan ya raba masu aro gida uku, wancan gida bakwai. Wannan yana ba da aro na mako biyu, wancan na wata guda. Ɗaya ya rubuta Muhammad, ɗaya Mohammed, mutumin kuwa guda ne. Kwamfuta ba ta san “ai shi ne” ba. Kamar 'yan kasuwa biyu ne a Shuwarin da suka sayi kwano a shago ɗaya, amma ɗaya yana awo da tozo, ɗaya yana sharewa. Rigimarsu ba ta kwano ba ce, ta awo ce.

Na uku, hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana bakin titin Yalwawa, a ƙarƙashin lemar mai POS. Mutum ya miƙa katin bankinsa, na'urar ta wani kamfani ce daban, asusun mai shagon a wani bankin yake, amma cikin 'yan daƙiƙoƙi takarda ta fito. Babu wanda ya tilasta wa bankunan Najeriya sayen manhaja ɗaya. Abin da aka yi shi ne aka daidaita lambar asusu ta koma lamba 10, aka buɗe hanyar tura kuɗi nan take ta NIBSS a 2011, aka kawo BVN mai lamba 11 a 2014, saƙonnin kati kuma suna bin ƙa'idar duniya ta ISO 8583. Kowane banki da kayan aikinsa, harshen da suke magana da juna ne ɗaya. Haka SIP2 take aiki a laburare: saƙon da ya fara da 11 na nufin “ana so a ba da aron littafin nan”, amsarsa ta fara da 12, saƙon mayarwa 09 ne, amsarsa 10. Duk na'urar da ta san waɗannan lambobi za ta yi aiki da duk manhajar da ta san su, ko wane ne ya ƙera ta.

Na huɗu, maganar manhaja ɗaya ta fi amfanar ɗan kwangila. Idan mutum ɗaya ya rubuta manhajar da shi kaɗai ya san cikinta, ya ɓoye bayanai a tsarin da ba mai iya fitarwa sai shi, to laburare ya zama ɗan haya a gidan kansa. Ran da aka saɓa, ko wayarsa ta daina shiga, sai a tara ma'aikata da 'yan bautar ƙasa su sake buga sunayen littattafai ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin takaici, har hoto ake ɗauka ana murnar an ƙaddamar da sabon tsari, alhali aikin shekaru ne aka binne. Dukiyar jama'a amana ce, kuma wanda ya sa hannu a irin wannan kwangila bai riƙe ta ba.

Rashin wuta, tsadar intanet da ƙarancin ma'aikata su ma suna da nasu kason, amma ba su ke hana a rubuta sharaɗi a takardar kwangila ba.

Gyaran yana farawa ne kafin a kashe ko sisi. Duk takardar neman kwangilar manhajar laburare, da kuɗin TETFund za a saya ko da na jiha, ta ƙunshi sharaɗi a rubuce cewa manhajar tana shigar da bayanai tana fitar da su a tsarin MARC 21, tana amsa bincike ta Z39.50, tana kuma magana da SIP2 ko NCIP. A ƙara da cewa bayanan mallakin laburare ne, kuma za a iya kwashe su duk lokacin da aka so ba tare da biyan ƙarin kuɗi ba. Koha, wadda aka fara rubutawa a ƙasar Niyu Zilan a 1999 kuma ake samunta kyauta, ta zo da MARC 21 da Z39.50 da SIP2 a cikinta. NCIP ce sai an ɗora mata ƙari. Kasancewarta kyauta bai ɗauke wa kowa wannan sharaɗi ba.

Kada a yarda da faɗar baki. Ranar karɓar aiki, a sa ɗan kwangila ya fitar da bayanan littattafai 100 a filasha, a kai wata kwamfuta mai wata manhaja a zuba. In sun shiga daidai, madalla. In ba su shiga ba, ba a biya. Cikin ɗarin nan a tabbata an sa littattafan Hausa masu haruffa masu lanƙwasa, kamar Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Idan ɗ ta dawo a matsayin alamar tambaya ko ƙaramin akwati, to wataƙila ba a saita tsarin a kan UTF-8 ba, kuma duk ɓ da ɗ da ƙ da ke cikin katalog suna cikin haɗari. A kuma gwada ko wanda ya buga “Gandoki” da d ta yau da kullum zai samu littafin, domin yawancin masu bincike da waya haka za su rubuta. Littattafan Larabci da na ajami su ma a sa su cikin gwajin.

Sai batun lambobi. Kowane laburare a yankin ya samu gajeren harafi nasa da za a sa a gaban lambar bakod ta littafi da ta katin aro, yadda lambobi biyu ba za su taɓa yin karo ba. Akwai ƙa'idar duniya ta ISO 15511 da aka yi don ba wa laburare lambar shaida. A riƙa shigar da ISBN a gurbinta a duk littafin da ke da ita. Tun 2007 lamba 13 ce, kuma yawancin littattafan da aka yi wa rajista a Najeriya ta hannun Laburaren Ƙasa da 978-978 suke farawa. Littattafan da ba su da ita, irin da yawa daga cikin na adabin kasuwar Kano, a yarda a kan hanya ɗaya ta rubuta sunan marubuci da na mawallafi.

Daga nan shugabannin laburaren su zauna su rubuta yarjejeniyar aro a shafi biyu ko uku: rukunin masu aro nawa ne, baƙo littafi nawa zai ɗauka, na kwana nawa, tara nawa ce a rana, wa zai biya idan littafi ya ɓata, kuma wace mota ce za ta mayar da shi gida. Wannan aikin mutane ne, babu manhajar da za ta yi shi. Reshen jiha na Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, da Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Ƙasa su ne dandalin da ya dace a tattauna shi. Ba sai an jira kowa ba. Laburare biyu a cikin Dutse sun isa a fara, a yi zango ɗaya ana gwaji, a gyara kurakurai, sannan a gayyaci na uku.

A horar da aƙalla ma'aikata biyu a kowane wuri, don kada canjin wurin aikin mutum ɗaya ya tsayar da komai. Kalmar sirrin babbar kwamfuta ta kasance a hannun shugaban laburare. A riƙa ɗaukar kwafin bayanai kowane mako, a ajiye ɗaya a wani gini daban, a kuma gwada dawo da shi lokaci-lokaci.

Na ƙarshe shi ne sirrin mai karatu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi laburare kamar yadda ta shafi banki. Laburaren da baƙo ya je wa yana buƙatar sanin abu biyu kawai: katinsa na aiki, kuma ba a bin sa bashi. Jerin littattafan da ya taɓa karantawa bai kamata ya bar laburaren da ya ba shi katin ba. Tun da SIP2 a buɗe take tura saƙo, ba ta lulluɓe shi, dole a bi da ita ta rufaffiyar hanya idan za ta ratsa intanet, a kuma share tarihin aro da zarar an mayar da littafi an biya tara.