Ko Kun Sani? Madatsar Zobe Ta Daɗe Tana Jiran Famfo

Ko kun san cewa madatsar ruwa ta Zobe, wadda ke ƙasar Dutsin-Ma a yankin su Makera, tun 1983 aka kammala gina ta, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari? Kogin Karaduwa aka tare, da niyyar a ba Katsina da garuruwan kewaye ruwan sha, a kuma buɗe wa manoma filin noman rani. Ruwa ya taru, amma aikin tace shi da jan bututu ya kwanta. Masunta da masu lambu a bakin ruwa ne suka riƙa cin moriyarsa, alhali cikin gari ana sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Yaron da aka haifa a shekarar da aka gama ginin har ya kai ɗansa makaranta famfon bai zubo ba, abin takaici.

Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan kammala madatsar.