Kafin A Sayo Jiragen Alminiyon: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Tun da haɗarin jiragen ruwa ya yawaita a kogunan Arewa, maganar da ta fi fitowa daga bakin hukumomi ita ce a bar jiragen katako a koma na zamani. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya nutse da mutane fiye da 150, waɗanda 'yan kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Sai na Pategi a Jihar Kwara cikin Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka riga mu gidan gaskiya. A shekarar 2025 ministan da ke kula da sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi da su maye gurbin jiragen katako da na faiba da na alminiyon.

Ba ni da ja da wannan kira. Abin da ke damuna shi ne ranar da shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa, ko ƙungiyar masu fito za su zauna da takardu biyu daga 'yan kwangila biyu, kowace an rubuta mata "jirgin alminiyon mai ƙafa 20, haɗe da inji," amma ɗaya ta fi ɗaya araha. Ko shakka babu mai arahar za a ɗauka, tunda a takarda abu ɗaya ne. To, a kan ruwa ba ɗaya ba ne, kuma talakan da zai hau shi ne zai biya bambancin da ransa.

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura da cewa mukan raɗa wa abu suna da siffar da ido ya fara gani, daga nan sunan ya rufe sauran siffofin. Babu Bahaushen da zai sayi fili don an ce masa tsawonsa ƙafa 100, sai ya tambayi faɗinsa. Amma da an zo kan jirgi sai mu tsaya a tsawo. Maƙeran ƙananan jiragen alminiyon na Amurka sun fi mu wayo a nan, domin sukan sanya awo biyu a cikin sunan jirgin. Idan ka ga an rubuta 2060, ana nufin tsawonsa ƙafa 20, faɗin ƙasansa inci 60. Idan 2072 ne, faɗin ƙasan inci 72 ke nan. Bambancin ƙafa guda ne kacal, amma a lissafin injiniyoyi ƙarfin da faɗi ke bai wa jirgi na ƙin karkacewa yana ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin 100. A ƙananan jirage masu ƙafa 16 kuwa, tsakanin 1636 da 1648, ƙarfin ya fi ninki biyu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda fasinjoji ke rugawa gefe guda idan tsoro ya kama su, ya san amfanin wannan ƙafa guda.

Bayan faɗi sai zurfin gefe, wato tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa bayan an gama lodi. Jirgin da babu kowa a cikinsa kullum yana da kyan gani a bakin kwata. Sai an ɗora buhunan masara da babura da mutane kafin a san nawa ya rage igiyar ruwa ta tsallako ciki. Haka nan siffar ƙasan jirgin. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba ya tangaɗi a ruwa mai kwanciya, yana shiga inda ruwa ya janye, yana da sauƙin jinginawa a gaɓar yashi, don haka ya dace da fito a ƙananan madatsu da fadamu. Amma da iska ta taso sai ya riƙa marin ruwa yana watsa shi ciki. Mai ƙasa mai tsini kuwa yana yanka igiyar ruwa, shi ya sa ya fi dacewa da buɗaɗɗen ruwa irin tafkin Kainji, sai dai yana buƙatar zurfi da inji mai ƙarfi da man fetur mai yawa. Ashe ke nan jirgin da ya dace da Bagwai ba lallai ne ya dace da Yawuri ba, ko da tsawonsu ɗaya.

Abu na gaba shi ne kaurin ƙarfen da yadda aka haɗa shi. Akwai jirgin da ake haɗawa da ƙusoshin da ake dannewa ciki da waje, wanda galibi kaurinsa ba ya wuce milimita 2. Akwai kuma na walda, wanda ke farawa daga kimanin milimita biyu da rabi har ya kai 5. Kada mu manta cewa lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, kuma kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashin ruwa. Jirgi mai siririn ƙasa da ya ci karo da kututture cikin gudu ba shi da bambanci da gwangwanin madara. Sannan alminiyon suna ya tara. Wanda ake ƙera jirgi da shi yana da garwayen maganiziyam, ana saninsa da lambobi irin su 5052 da 5083 da 5086, kuma ya sha bamban da na kwanon rufi ko na tukunya. Ido ba ya rarrabe su, sai takardar shaidar kamfanin da ya yi ƙarfen.

Wannan ba ya nufin mai ƙusa ba shi da rana. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai sosai, kuma idan ƙusa ta yi sako-sako har ruwa ya fara tsattsafowa, guduma da guntun ƙarfe sun isa a danne ta a bakin kogi. Na walda kuwa in ya tsage, mai waldar ƙofa da taga ba zai iya masa komai ba, sai wanda ke da injin da ke aiki da iskar argon, ga kuma matsalar wutar lantarki. Saboda haka kafin a biya kuɗi ya kamata a tambaya: ina mai gyara mafi kusa yake? In ba haka ba, bayan shekara biyu za a iske jirgin a kife a harabar sakatariya, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a gani ko kaɗan. Alminiyon ya fi ruwa nauyi kusan sau biyu da kashi bakwai cikin goma. Kwalekwalen katako mara nauyi in ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Jirgin alminiyon da babu komai a cikinsa sai ƙarfe, ga inji rataye a bayansa, in ya cika da ruwa ƙasa zai nufa kai tsaye. Maganin wannan shi ne wani irin soso mara shan ruwa da ake cusawa a ƙarƙashin kujeru da gefuna. Tun shekarun 1970 dokar Amurka ta wajabta wa maƙera sanya shi a jirage masu inji da ba su kai ƙafa 20 ba, ta kuma wajabta manna wani ɗan allo mai nuna adadin mutane da nauyin kaya da ƙarfin injin da jirgin zai iya ɗauka. Wanda ya kai ƙafa 20 dokar ba ta hau kansa ba, balle wanda aka ƙera a wani gareji. Da yake soson a ɓoye yake, shi ne abu na farko da mai son rage farashi zai tsallake.

Sai batun inji. Bangon bayan jirgi inda ake rataye shi yakan zo da tsayin inci 15 ko 20, kuma ƙafar injin ma haka take, gajera ko doguwa. In aka sa gajeriyar ƙafa a dogon bango, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ruwan sanyaya inji ya yanke. In aka sa doguwa a gajeren bango, za ta riƙa taɓo ƙasa. Gajeren bango kuma ya fi kusa da ruwa, ta yadda in direba ya tsaya farat ɗaya, igiyar da ke biye da shi za ta iya shigowa ta baya. Ɗora inji mai ƙarfin doki 75 a jirgin da aka yi wa 40, don kawai a riga wani zuwa kasuwa, neman fitina ne da kuɗinka.

Wani hanzari ba gudu ba, jirgin alminiyon mai ƙafa 20 da wuya ka ga maƙerinsa ya rubuta masa fiye da mutum goma, alhali manyan jiragen katako na kogin Kwara ana loda masu mutum ɗari da ɗoriya. Idan aka hana babban jirgi guda, aka kawo ƙanana biyu aka ɗauki hoto, to ranar kasuwa mutum talatin za su shiga kowane, mu koma gidan jiya.

Shawarata ga masu sayen ita ce, takardar kwangila ta faɗi faɗin ƙasa da zurfin gefe da kaurin ƙarfe da lambarsa da yawan soso da tsayin bangon baya, kowanne da adadinsa. Ranar karɓar kaya kuma a kira Sarkin Ruwa da tsofaffin masu fito na garin, a loda buhunan yashi daidai nauyin da aka rubuta, a zagaya a gaban kowa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ya kamata ta fitar da mafi ƙarancin awon da za a amince da shi, ta kuma fassara shi da Hausa da Nufanci. Rigar ruwa da hana tafiyar dare na nan daram, babu irin jirgin da zai maye gurbinsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.