Tarko Ya Kama, Saura Me?

A dazuzzukan Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, har gobe akwai masu cin abinci da ɗana tarko. Suna kama yanyawa, kyarkeci da wasu ƙananan dabbobi masu laushin gashi, su sayar da fatunsu ana ɗinka rigunan sanyi.

Da can tarkon ƙarfe mai damƙe ƙafa suke amfani da shi. Dabba ta kwana tana fizge-fizge cikin sanyi, wata ma har ta gwaguye ƙafarta ta tsere da dungu. Wannan ya dami wani maharbi ɗan ƙasar, Frank Conibear, ya ƙera tarkon da ke rufewa a wuya ko ƙirji, wanda ya shiga kasuwa a shekarun 1950. A 1991 Tarayyar Turai ta yi dokar hana tarkon ƙafa, a 1997 kuma ta ƙulla yarjejeniya kan ƙa'idojin ɗana tarko da Kanada, daga baya Rasha ta shigo. Abin har da agogo: ga yawancin dabbobin, tarkon kisa sai ya gusar da hankalinsu cikin daƙiƙa 300, ga wata 'yar mitsitsiya mai suna "ermine" a Turance kuwa 45 kacal.

In an tarar da dabbar da rai, abin da ake koya wa maharba shi ne harbi guda a ƙwaƙwalwa da ƙaramar bindiga, bayan an duba babu mutum ko dutse a bayanta. Nutsarwa a ruwa kuwa, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ba ta ɗauke ta kisan tausayi ba.

Dabbar da ta ga mutuwa ba ta san na gida ba, cizo take kaiwa, kuma yanyawa na iya ɗauke da ciwon haukan kare. Idan ta ciji mutum, ba a fasa mata kai, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa a gano ciwon. A wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti.

Yaran da ke haƙa wa gafiya da ɓera tarko a gonakinmu su ma zancen ya shafe su. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, ga yaro yana fincike shi daga tarko da hannu tsirara, ya goge a riga. A riƙa zagaya tarko kowace safiya, a gama da abin da ya kama nan take, a sa leda a hannu kafin a taɓa.