DUSHEWAR MURYA: BA KULLUM NE MURA BA

In hunturu ya kama a Sabon Birni da Isa, muryar mutane da yawa takan dushe saboda ƙura da mura. Wannan yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma in murya ta dushe har mako 3 ba ta dawo ba, to a je asibiti, domin yana iya zama alamar ciwon daji na maƙogwaro.

Ciwon yana tsirowa ne a inda murya ke fitowa, wato daidai zakaran wuya. Sauran alamunsa su ne wahalar haɗiya, da toshewar numfashi, da kumburi a wuya. Manyan abubuwan da ke kawo shi su ne shan taba da shan giya. Ya fi kama maza masu shekaru.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ake kira HPV. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano cewa tana jawo ciwon daji na bakin mahaifa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce. Mai lamba 16 tana kawo ciwon daji a can ƙarshen baki. Masu lamba 6 da 11 sukan sa ƙananan tsiro a maƙogwaro, har muryar yaro ta dushe. Yawanci wannan tsiron ba daji ba ne, amma yana iya tare numfashi. Likitoci sun sami ƙwayar a maƙogwaron wasu masu ciwon daji, sai dai ɓarnar taba ta fi tata yawa nesa.

Ana ɗaukar HPV ta hanyar saduwa, jariri ma yakan ɗauka wurin haihuwa. Ciwon daji kuwa ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, don haka kada a guji majinyaci.

A 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, a 2024 kuma ta kai sauran jihohi. Iyaye su kai 'ya'yansu.

Yankan beli wurin wanzami ba ya maganin wannan ciwo. Mai dusasshiyar murya ya fara zuwa babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. In da bukata, za a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. In an gano ciwon da wuri, ana warkewa. Rigakafi ya fi magani.