Ɗakin ƙere-ƙere a makaranta: abin da garuruwa irin Icirnawa za su iya yi da kara, kaba da yumɓu

A ƙasashe da dama, makarantu na ware wani ɗaki inda yara ke ƙera abubuwa da hannunsu: su auna, su yanka, su haɗa, in abu ya lalace su sake. Irin wannan ɗaki ya yi suna ne daga jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 2000, inda aka cika shi da injuna masu tsada. Wannan ya sa mutane da yawa ke ɗaukar abin na masu kuɗi da wutar lantarki ne. Amma a Lome, babban birnin Togo, matasan cibiyar WoeLab sun haɗa na'urar da ke fitar da siffar abu a 2013, da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar.

A Nijar ma tunanin ba baƙo ba ne. Tsarin karatun firamare ya daɗe da darasin ayyukan hannu da ake kira APP. Matsalar ita ce a makarantu da yawa darasin ya koma shara da ɗiban ruwa, ko kuma a bar shi a kan takarda kawai.

Me ya sa batun ya shafi Icirnawa?

Icirnawa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Kance, wadda Matamaye ke cikinta, a jahar Damagaram. Yanki ne mai yawan jama'a da ƙarancin gona, kuma an san shi da tafiya cin rani. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga wannan gunduma. Ɗakin ƙere-ƙere ba zai tsayar da wannan tafiya shi kaɗai ba. Sai dai uban da ya ga ɗansa ya dawo gida ya iya auna fili ko gyara tocila ya fi saurin barinsa ya ci gaba da karatu.

Da me za a fara?

Ana buɗe makarantu ne a watan Oktoba, daidai lokacin girbi, sa'ad da karan gero da na dawa suka cika gonaki. Akwai kaba, akwai yumɓu, akwai gwangwanaye, kwalaye, tsofaffin silifa da ledojin ruwa. Abin da za a saya kaɗan ne: almakashi, awon tela, zare, ƙusoshi, batura da ƙananan ƙwayayen tocila. Akwatin ƙarfe ɗaya mai kwaɗo ya isa ajiya, inuwar gawo kuma ta isa wurin aiki.

Sharaɗin shi ne kowane aiki ya ɗauko darasi daga cikin aji. 'Yan CI da CP su murza yumɓu su yi haruffa da lambobi. 'Yan CE su yi motar kara, amma da awo: tsawonta santimita nawa, me ya sa ba ta tafiya daidai in ƙafa ɗaya ta fi sauran girma? Sanda ɗaya da gwangwani biyu sun zama sikeli, a gwada ko tiyar gero da tiyar gyaɗa nauyinsu ɗaya. 'Yan CM su ɗauki igiyar kaba su raba ta gida 12 daidai da ƙulli, su ja ta ta zama mai kusurwa uku, gefe ɗaya gida 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ta fito ita ce magini ke nema in zai fitar da harsashin ɗaki. Batur, waya da ƙwan tocila kuwa sun isa yaro ya gane yadda wuta ke zagayawa. Ledojin ruwa su zama wurin renon dashe, a yankin da manoma suka yi suna wajen raya gawo a gonakinsu.

Wa zai koyar?

Malami ɗaya mai aji cike ba zai iya komai da komai ba, kuma ba sai ya iya ba. Kowane gari na da masaƙiyar tabarma, maƙeri, tela da mai gyaran rediyo ko salula. Damagaram ta shahara da dukanci, Mirya da tukwane. Mai sana'a ya nuna yadda ake yi, malami ya fito da lissafin da ke ciki. A nan ne kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, ke da rawar takawa: shi zai gayyato masu sana'a, ya sa kuɗin kayan aiki cikin tsarin shekara, ya bayyana wa iyaye abin da aka kashe.

Abubuwan kiyayewa

Na farko wuta. Gobarar azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, sun ci rayukan yara fiye da 40. Don haka duk aikin da ke buƙatar garwashi, kamar gasa yumɓu ko narka leda, ba na harabar makaranta ba ne. Na biyu kaifi: wuƙa da reza sai manyan ɗalibai, a gaban malami, a ƙirga su kafin a tashi. Na uku, kada a mayar da yara leburori masu saƙa tabarmi don kasuwa; in an sayar da wani abu, kuɗin su koma akwatin kayan aiki. Na huɗu, kada a ce saƙa ta mata ce, waya da batur na maza. Kowa ya taɓa kowane aiki.

Makarantar da ke son gwadawa za ta iya farawa da aji ɗaya, awa ɗaya a mako. A ƙarshen zangon karatu a kira iyaye, kowane yaro ya riƙe abin da ya ƙera, ya faɗi da bakinsa yadda ya auna shi.